Wa ke da ta cewa a gundumar Umphang ta ƙasar Tailan?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a fannin mulki da gudanarwa, an ba mu aikin kwatanta tsarin mulkin karkara na wata ƙasar Asiya da namu. Na zaɓi Tailan, sai na ci karo da wata gunduma mai suna Umphang, wadda aka ce ita ce mafi faɗi a ƙasar, amma hanyar mota ɗaya ce tak ke shiga cikinta. Shin gunduma a can daidai take da ƙaramar hukuma a wurinmu? Idan haka ne, me ya sa ba a zaɓen shugabanta? Kuma a wuri mai nisa irin wannan, wane ne maganarsa ke ci a kan talakan ƙauye?"

Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a karatu. Tambayarka ta ƙunshi abu uku: matsayin gunduma a tsarin mulkin Tailan, dalilin naɗa shugabanta maimakon zaɓensa, da kuma wanda yake riƙe da ragamar al'amura a ƙauye. Amsar ta farko ita ce a'a. Gundumar Tailan, wadda suke kira amphoe, ba ta da majalisa, ba ta da kansiloli, ba ta kuma da asusun kanta da ake zuba mata kaso a ciki. Reshe ce na gwamnatin tsakiya da aka dasa a karkara. Sauran biyun ba za su fito fili ba sai mun fara duba ƙasar kanta, domin a Umphang duwatsu da daji da iyaka su ne suka tsara yadda mulki ya iso da yadda yake tafiya har yau. Na yi aikin bincike a kan rajistar jama'a a gundumomin da ke bakin iyakar Tailan da Myanmar, don haka zan haɗa maka abin da dokokinsu suka tanada da abin da idona ya gani.

Shimfiɗar ƙasa da hanyar shiga

Umphang ita ce gunduma ta can ƙarshen kudu a lardin Tak, a yammacin Tailan, kuma tana cikin gundumomi biyar na lardin da suka yi iyaka da Myanmar. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 4,325, wato ta fi jihar Legas girma, amma mutanen da ke cikin rajista ba su kai goma ba a kowace murabba'in kilomita. Jihar Kayin ta Myanmar tana yamma da ita, gundumar Phop Phra tana arewa, lardunan Kamphaeng Phet da Nakhon Sawan da Uthai Thani suna gabas, lardin Kanchanaburi kuma yana kudu. Jerin duwatsu ya rufe ta gabas da yamma, kuma daga cikin kwarurukanta kogin Mae Klong yake tasowa ya gangara kudu. A nan ne magangarar ruwa ta Thi Lo Su take, wadda ake ɗauka ita ce mafi girma a ƙasar, ita ce kuma ke jawo masu yawon buɗe ido idan damina ta ɗauke. Mafi yawan mazauna ƙauyuka 'yan ƙabilar Karen ne, sai Hmong da wasu ƙabilun kan tudu, sannan mutanen arewacin Tailan da suka fi yawa a cikin garin.

Hanyar da ka ambata ita ce mai lamba 1090, daga garin Mae Sot zuwa Umphang, tsawon kilomita 164 da lanƙwasa 1,219, kuma mota takan ci awa huɗu zuwa biyar a kanta. Babban birnin lardin yana gaba da Mae Sot da fiye da kilomita 80, saboda haka mai buƙata a ofishin gwamna sai ya ware wuni guda don tafiya kaɗai. Kafin a kammala hanyar a farkon shekarun 1980, mutane kan ratsa ta cikin ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, don su isa Mae Sot, domin hakan ya fi sauƙi a kan hawan duwatsu. An kuma fara wata hanyar daga gabas, mai lamba 1117 daga Khlong Lan, amma aka dakatar da ita a 1987 saura ƙasa da kilomita 30, saboda za ta raba dajin gida biyu. Har yanzu ana taƙaddama a kanta: mazauna suna son gajeriyar hanya zuwa kasuwa da babban asibiti, masu kare daji kuma suna tsoron masu sare itace da mafarauta. Ni ina ganin kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi, sai dai wanda ya taɓa ganin an ɗauko mara lafiya a kan hanya mai lanƙwasa dubu da ɗari biyu cikin ruwan sama ba zai yi saurin watsi da koken mazauna ba.

Yadda mulkin Bankok ya iso

Kafin ƙarshen ƙarni na 19, ƙasar Siyam, kamar yadda ake kiran Tailan a lokacin, tana tafiya ne da tsarin garuruwa masu sarakunansu, waɗanda ke kai gaisuwa da haraji Bankok, babban birni, amma suna mulkin jama'arsu yadda suka ga dama. Ba a biyan mai riƙe da gari albashi, daga abin da ya tara yake ci, har ma a harshensu ana kiran riƙon gari kin mueang, ma'ana cin gari, furucin da ba zai zama baƙo a kunnen Bahaushe ba. Umphang a wancan zamani mashiga ce ta kan iyaka. Abin da mutanen wurin ke faɗi shi ne sunan ya samo asali daga kalmar Karen ta umpha, wato gorar da fatake ke naɗe takardar izinin wucewa su zura a ciki don kada ruwa ya lalata ta. Ka riƙe wannan a ranka, domin za mu komo kan maganar takarda.

Abin da ya sauya tsarin shi ne matsin Turawa. Ingila ta karɓe yankin Tenasserim na kudancin Bama a 1826, ta ƙarasa cin Bama a 1885, Faransa kuma ta tilasta wa Siyam sakin ƙasar Laos a 1893. Sarki Chulalongkorn, wanda ya yi mulki daga 1868 zuwa 1910, ya fahimci cewa duk yankin da ba a ga jami'in Bankok zaune a cikinsa ba, Bature zai ce ba shi da mai shi. Sai ya ɗora ƙaninsa, Yarima Damrong, a kan ma'aikatar harkokin cikin gida a 1892, shi kuma ya maye gurbin masu cin gari da ma'aikata masu albashi waɗanda ake aikawa daga babban birni, ana kuma sauya musu wurin aiki. Aka yanka ƙasa zuwa larduna, larduna zuwa gundumomi, gundumomi zuwa tambon, wato gungun ƙauyuka, sannan muban, wato ƙauye. Dokar 1914 da ta tsara ayyukan gunduma da na shugabannin ƙauyuka tana aiki har yau bayan gyare-gyare. Ga amsar tambayarka ta biyu ke nan: an ƙirƙiri gunduma ne don ta zama idon gwamnatin tsakiya da hannunta, shi ya sa tun asali ba a yi tunanin jama'a su zaɓi mai riƙe da ita ba.

Tarihin Umphang kanta ya nuna yadda nisa ke rikita masu zana taswira. An kafa ta gunduma a 1898 da sunan Mae Klong a ƙarƙashin Uthai Thani. A 1906 aka sa mata suna Umphang, aka mayar da ita ƙarƙashin Kamphaeng Phet. A 1926 aka rage mata matsayi zuwa reshen gunduma, aka haɗa ta da lardin Tak, sai a 1959 ta sake zama cikakkiyar gunduma. Larduna uku cikin shekara talatin, kuma babu ɗaya da hedikwatarsa ke kusa. Bayan haka, a shekarun 1960 da 1970, dajin ya zama mafakar mayaƙan jam'iyyar kwaminisanci ta Tailan, waɗanda suka riƙa kai hari kan masu aikin hanya, har aikin ya ɗauki fiye da shekara goma kuma aka yi asarar rayuka. Umarnin afuwa da gwamnatin Janar Prem Tinsulanonda ta fitar a 1980 ne ya sa mayaƙan suka riƙa ajiye makamai. Wannan tarihi ne ya sa hukuma take kallon yankin da idon tsaro har gobe.

Layin naɗi da layin zaɓe

Tailan tana da larduna 76 ban da Bankok, da gundumomi 878. Ma'aikatar harkokin cikin gida ce ke naɗa gwamnan lardi, ita ce kuma ke naɗa shugaban gunduma, wanda ake kira nai amphoe. Ma'aikacin gwamnati ne da ya hau matakai, sau da yawa ba ɗan yankin ba, kuma bayan 'yan shekaru za a ɗauke shi a kai wani wuri. Idan kana neman abin kwatance a tarihinmu, ka tuna Razdan da Di'o na zamanin Turawa. Idan kuma a tsarin zamani ne, wanda Nijar ta gada daga Faransa ya fi kusa, inda ake naɗa gwamna da firefe, magajin gari kuma zaɓensa ake yi kafin sojoji su rushe majalisun ƙananan hukumomi a 2024. A ofishin nai amphoe ake rajistar haihuwa da mutuwa da aure da saki, a can ake yin katin shaidar ɗan ƙasa da littafin rajistar gida, a can ake ba da lasisin bindiga, shi ne kuma ke jagorantar aikin agaji idan an yi ambaliya ko gobarar daji. Yana da mataimaka da ake kira palat, kowanne da sashensa.

Umphang tana da tambon shida: Umphang, Nong Luang, Mokro, Mae Chan, Mae Lamung da Mae Klong, da ƙauyuka sama da talatin a rajista, ko da yake ƙauye ɗaya a takarda yakan ƙunshi rugage da dama masu nisa da juna. Kowane ƙauye yana da phuyaiban, wanda za ka iya kwatantawa da mai unguwa, kowane tambon kuma yana da kamnan, kwatankwacin dagaci. Amma ka yi hattara da wannan kwatance, domin muƙaman nan ba gado ba ne. Mutanen ƙauye ne ke zaɓen phuyaiban da ƙuri'a, kuma tun gyaran doka na 2008 yana riƙe da kujerar har ya kai shekara 60, su kuma masu unguwannin su zaɓi kamnan daga cikinsu. Da zarar an zaɓe shi sai ya zama mutumin nai amphoe: yana karɓar alawus daga gwamnati, yana sa kaki, yana halartar taron wata-wata a hedikwatar gunduma, ya dawo ya isar da umarni. Jama'a suka ɗora shi, amma sama yake kai rahoto, kuma a tsakanin waɗannan biyu yake rayuwa.

Layi na biyu shi ne ainihin abin da ya yi kama da ƙaramar hukuma, kuma yana matakin tambon ne. Dokar 1994 ta kafa hukumar gudanarwa ta tambon, wadda kowa ke kira da gajeren sunanta O Bo To, tsarin mulkin 1997 da dokar rarraba iko ta 1999 kuma suka ƙara mata ayyuka da kuɗi. Tana da shugaba da jama'a ke zaɓa kai tsaye na shekara huɗu, da majalisa mai wakilai daga ƙauyuka, da kasafin kuɗinta. Ita ke gyaran hanyoyin ƙauye, samar da ruwan famfo, kwashe shara, kula da cibiyoyin renon yara, da lura da alawus ɗin tsofaffi, wanda ke farawa daga baht 600 a wata ga mai shekara 60 ya kai baht 1,000 ga wanda ya kai 90. Inda jama'a suka taru, kamar garin Umphang, akan ɗaga matsayin zuwa hukumar gari da ake kira thesaban. Sai dai 'yancin nan yana da linzami. Nai amphoe ne ke sa ido a kan O Bo To, shi ke amincewa da dokar kasafinta, kuma yawancin kuɗinta daga gwamnatin tsakiya yake zuwa, musamman a wuri irin Umphang inda harajin fili da na kasuwanci ba su taka kara sun karya ba. Dokar 1999 ta yi alkawarin kashi 35 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati ga hukumomin yankuna kafin 2006, ba a kai ga haka ba, aka gyara dokar. Bayan juyin mulkin 2014 an dakatar da zaɓukan yankuna, sai a watan Nuwamba na 2021 aka sake zaɓen O Bo To.

Mai daji da mai takarda

Littattafan mulki sukan tsaya a nan, amma a Umphang akwai mai iko na uku wanda ba ya cikin jadawalin: hukumar gandun daji. Mafi yawan ƙasar gundumar tana cikin wuraren da doka ta killace, musamman gandun namun daji na Umphang da aka ayyana a 1989, da ɓangaren gabas na gandun Thung Yai Naresuan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 1991 tare da gandun Huai Kha Khaeng. A cikin waɗannan wurare shugaban gandu ne ke da ta cewa a kan ƙasa, kuma shi wata ma'aikata daban yake bi. O Bo To na iya ware kuɗin zuba kankare a hanyar ƙauye ko kafa turakun lantarki, aikin ya tsaya shekara da shekaru ana jiran izinin gandu. Ƙauyukan Karen da yawa sun girmi dokar da ta killace su, amma ba su da takardar mallakar fili. Nomansu na gargajiya shi ne su share wuri su shuka shinkafar tudu shekara guda, su bar shi saura na wasu shekaru har daji ya mayar, sannan su komo. Jami'in gandu yakan ga saurar a matsayin daji da ake shirin cinyewa, manomi kuma yana ganin gonar kakansa ce take hutawa. Majalisar ministoci ta yanke shawara a 2010 cewa a kare salon rayuwar Karen, dokokin 2019 kuma sun ba mazauna damar zama da noma na wani wa'adi, amma izinin zama na wa'adi bai kai mallaka ba. A ra'ayina wannan shi ne babban giɓin tsarin, domin wanda ke yanke hukunci a kan gonar mutum ba shi ne wanda mutumin ya zaɓa ba, ba kuma shi ne wanda zai iya samu cikin sauƙi a ofishin gunduma ba.

Maganar takarda kuwa ita ce ta fi taɓa ni a lokacin aikina. A gundumomin kan iyaka akwai dubban mutanen da aka haifa a ƙasar Tailan amma ba su da shaidar zama 'yan ƙasa, saboda an haife su a gida cikin daji ba a yi musu rajista ba, ko kuma iyayensu sun tsallako daga Myanmar. Lambar shaida a Tailan tana da alƙaluma 13, kuma alƙalamin farko yana nuna matsayin mai ita. Wanda tasa ta fara da 0 ko 6 ba cikakken ɗan ƙasa ba ne, ba ya zaɓe, ba ya mallakar fili, kuma sai da izinin gunduma zai fita daga lardinsa. Na taɓa zama a wani ƙauye na kan iyaka inda ake tattara bayanan wata tsohuwa wadda jikokinta ke son shiga makarantar gaba da sakandare. Ba ta da ko ƙyallen takarda, sai aka nemo mai unguwa da dattawa biyu da suka san haihuwarta suka ba da shaida, aka kuma duba ko sunan mahaifinta ya fito a wani tsohon ƙidayar ƙabilun kan tudu. Inda shaida ta gaza, akan koma ga gwajin jini don tabbatar da dangantaka. A ranar na gane dalilin da ya sa mai unguwa yake da ƙima fiye da shugaban O Bo To a idon irin waɗannan mutane: sa hannunsa ne matakin farko zuwa ga katin da ke buɗe asibiti da makaranta da hanya. An samu ci gaba, domin tun 2008 doka ta ce a yi wa duk jaririn da aka haifa a ƙasar rajistar haihuwa ko mene ne matsayin iyayensa, kuma a watan Oktoba na 2024 majalisar ministoci ta amince da hanzarta daidaita matsayin mutane kimanin 480,000 a faɗin ƙasar.

Iyaka ta ƙara wa shugaban gunduma wani nauyi. Ƙungiyar Karen ta KNU tana yaƙi da gwamnatin Myanmar tun 1949, kuma bayan farmakin sojoji a 1997 aka buɗe sansanin Nu Po a cikin gundumar Umphang, ɗaya daga sansanoni tara da ke bakin iyakar. Tailan ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, don haka tana kiran wuraren mafakar wucin gadi, kuma palat daga ofishin gunduma ne ke shugabantar sansani. Tun juyin mulkin Myanmar na 2021 mutane sun ci gaba da tsallakowa duk lokacin da faɗa ya ɓarke, sojoji da 'yan sandan sintirin iyaka kuma suna da tasu rawar, har su 'yan sandan suna gudanar da makarantun firamare a ƙauyukan da suka yi wa malamai nisa.

To, idan ka zo rubuta amsar tambayarka ta uku, ka raba ta bisa buƙatar talaka. Mai neman takarda zai bi ta mai unguwa zuwa nai amphoe, mai neman famfo ko gyaran hanya zai nufi O Bo To, mai maganar gona zai fuskanci jami'in gandu, a ƙauyukan bakin iyaka kuma babu abin da ke gudana ba da sanin jami'an tsaro ba. A kwatancenka ka ajiye O Bo To da thesaban kusa da ƙaramar hukumarmu, ka ajiye amphoe kusa da ofishin Di'o. Ka kuma faɗa wa malaminka a fili cewa Umphang misali ne na can gefe. Gundumar noman shinkafa a arewa maso gabashin Tailan, mai hanyoyi ta ko'ina da filaye masu takardar mallaka, tana da tsari iri ɗaya a doka amma nauyin gandu da na tsaro ba su danne ta haka ba. Ni ma abin da na gani na kan iyaka ne, kuma ta bakin tafinta na ji yawancin maganganun Karen. Idan ka ci karo da takardun hukumarsu za ka ga shekarun sun yi gaba, domin suna amfani da kalandar Buda. Ka cire 543 ka samu shekarar Miladiyya, dokar 2457 ita ce ta 1914, ta 2537 kuma ita ce ta 1994.